Allon Sulu Ko Jirgin Ruwa Mai Ƙyalle: Wa Ya Fi Gudu? Darasi Kan Iska, Gudu Da Awon GPS



Duk mai yawo a TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da bidiyon wani mutum tsaye a kan ɗan allo, riƙe da wani babban ƙyalle, yana tsaga ruwa kamar an harba kibiya. Wani bidiyon kuma ƙaton jirgi ne ya ɗaga sama, jikinsa bai taɓa ruwa ba, ga lambar gudunsa a gefen allon waya tana hawa. Babu inji, babu fetur, iska ce kawai ke tura su. Daga nan musu yake tashi: wanne ya fi gudu?

Amsar a taƙaice ita ce: sai ka faɗa mini ƙarfin iskar, da inda take fitowa, da nisan da za a yi. Lambar gudu da ba ta zo da waɗannan abubuwa uku ba, rabin labari ce. A wannan darasi za mu ga dalili, sannan mu koyi yadda ake duba iska da auna gudu da wayar da ke hannunmu.

Su wane ne ke gasar?

A yankinmu na Tambuwal da Kebbe, kwale-kwale ko dai a tuƙa shi da hannu, ko da gora, ko a ɗaura masa inji. Ko a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, tseren kwale-kwalen da ake yi ƙarfin damtse ne ke yin sa. Saboda haka bari mu fara da sanin abubuwan biyu da za mu gwada.

Na farko shi ne allon sulu. Allo ne mara nauyi da ke yawo a kan ruwa, an kafa masa sanda mai ɗauke da ƙyalle. Sandar tana iya lanƙwasawa ta kowane ɓangare, don haka mutum ne ke riƙe ƙyallen da hannunsa da nauyin jikinsa. Mutum ɗaya zai iya ɗaukar kayan gaba ɗaya ya kai bakin ruwa. Idan za ka nemi bidiyonsa, rubuta windsurfing. An shigar da wasan cikin Olamfik tun 1984.

Na biyu shi ne jirgin ruwa mai ƙyalle. Shi sandarsa a kafe take, igiyoyi ne ke riƙe ta. Akwai ƙanana na mutum ɗaya, akwai masu jiki biyu ko uku a jere, akwai kuma na zamani masu fiffike a ƙarƙashin ruwa.

Masu harkar teku suna auna gudu da wani ma'auni da ake kira not, wanda ɗaya daidai yake da kilomita 1.852 a awa. Don sauƙi, na mayar da duk lambobin wannan darasi zuwa kilomita a awa, irin wanda muka saba gani a agogon mota.

Abubuwa uku da ke hukunta gudu

*1. Ƙarfin iska ba ya hawa ɗaya bayan ɗaya.* Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take tura ƙyalle da shi yana ninka huɗu. Idan ya ninka uku, ƙarfin ya ninka tara. Iskar kilomita 40 a awa tana da ƙarfin iskar kilomita 10 har sau 16. Riƙe wannan lissafi, domin za mu dawo kansa.

*2. Ruwa ne babban mai riƙe ƙafa.* Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800. Jirgin da jikinsa ke nutse yana ture ruwa, yana haƙa wa kansa igiyar ruwa a gaba, kuma akwai gudun da idan ya kai, sai ya zama kamar mai hawan tudun da shi ya tara. Akwai lissafi mai sauƙi: nemi lambar da idan ka ninka ta da kanta za ta ba ka tsawon jirgin a mita, sai ka ninka ta da 4.5. Jirgi mai mita 4, wato 2 sau 4.5, zai fara shan wuya a wajen kilomita 9 a awa. Mai mita 9 zai kai 13.5. Mai mita 16 zai kai 18. Shi ya sa dogon jirgi ke barin gajere a baya. Jirage sirara sosai suna iya ƙetare wannan iyaka, amma mai faɗi da nauyi ba ya iyawa.

Hanyar kuɓuta ita ce fita daga cikin ruwan. Ka tuna yadda yara ke jefa fasasshen kasko a tafki, ya yi ta tsalle a saman ruwa bai nutse ba? Haka allo yake yi idan ya samu isasshiyar iska: yana hayewa saman ruwa ya yi sulu, ɗan bayansa kawai ke taɓawa. Hanya ta biyu ita ce fiffiken ƙarƙashin ruwa, wanda ke aiki kamar na jirgin sama, ya ɗaga jirgin gaba ɗaya.

*3. Mai gudu yana ƙirƙirar tasa iskar.* Hau kabu-kabu ranar da ko ganye ba ya motsi, za ka ji iska tana dukan fuskarka. Gudun babur ɗin ne ya kawo ta. Haka abin yake a ruwa. A ce iska tana zuwa daga gefe da kilomita 30 a awa, kai kuma kana gudun kilomita 40. Iskar da ƙyallenka zai ji ita ce ta kilomita 50, kuma za ta karkato ta gaba-gaba. Ƙyallen ba buhu ba ne da iska ke cikawa ta baya kawai. Yana da lanƙwasa kamar fiffike, iskar da ke wucewa ta jikinsa tana jan sa. Wannan ne sirrin da ya sa jirgi ke iya gudu fiye da iskar da ke tura shi. Wanda ya juya wa iska baya kai tsaye kuwa, ba zai wuce gudunta ba, domin da zarar ya kamo ta, ƙyallen ya saki.

Yanzu mu shiga fili.

Iska mai sanyin jiki: ƙasa da kilomita 15 a awa

A nan jirgi ne sarki. Allon sulu na gargajiya ba ya samun ƙarfin hayewa saman ruwa, don haka yana komawa gajeren jirgi mai jan ciki, ga kuma mutum tsaye yana ta fama da ƙyalle. Dogon jirgi mai doguwar sanda yana wuce shi salin-alin, musamman da yake iska ta fi ƙarfi a sama fiye da dab da ruwa, kuma doguwar sanda ce ke kai wa gare ta.

Fiffike ya ɗan rage wannan tazara. A Olamfik na Faransa a 2024, an yi amfani da allon iQFOiL mai fiffike, maza da ƙyalle mai murabba'in mita 9, mata da mai 8. Irin wannan allo yana iya tashi a iskar da tsohon allo ba zai motsa kirki ba. Duk da haka, a Marseille inda aka yi gasar, an yi ta ɗage tsere saboda iska ta ƙi zuwa. Fiffike ma yana da iyakarsa: idan iska ta faɗi ƙasa da abin da zai ɗaga ka, sai ka faɗo ruwa, fiffiken ya koma kaya.

Iska matsakaiciya: kilomita 20 zuwa 40 a awa

Nan ne musun yake da daɗi. Da zarar iska ta kai wajen kilomita 20 zuwa 25, allo ya fara sulu, gudunsa na iya ninkawa cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Idan tafiyar ta ratsa iska ce, wato iskar tana zuwa daga gefe, yaro a kan allo zai bar jirgin miliyoyin kuɗi na gargajiya a baya, domin shi jirgin yana nan daure da iyakar tsawonsa.

Amma a wannan iskar ce kuma jiragen zamani masu fiffike suke nuna abin da suka iya. Ɗauki gasar Kofin Amurka da aka yi a Barcelona a 2024, wadda Niyu Zilan ta ci Birtaniya 7 da 2. Jiragen da aka yi amfani da su, AC75, tsawonsu ƙafa 75 ne, nauyinsu ya wuce tan 6, mutum takwas ke cikin kowanne, huɗu daga ciki aikinsu murza feda kamar masu keke don samar da ƙarfin juya ƙyalle. Dokar gasar ta ce ba a fara tsere sai iska tana tsakanin kimanin kilomita 12 da 39 a awa. A cikin irin wannan iska, jirgin Birtaniya ya taɓa kilomita 103 a awa. Babu allon da zai ga ƙurarsa a nan.

Me ya sa? Jirgin yana da dogon ƙyalle mai siffa daidai, kwamfuta tana nuna wa matuƙa komai, kuma nauyi da faɗin jirgin ne ke hana ƙyallen kifewa. Shi kuwa mai allo, jikinsa ne kaɗai ma'aunin. Ƙarfin da ƙyalle zai ja ba zai wuce abin da nauyin mutum ɗaya zai iya dannewa ba, kuma jikin nasa ma yana tare iska.

Iska mai ƙarfi: daga kilomita 60 zuwa sama

Yanzu lissafinmu na farko ya dawo. Idan iska ta haukace, babban ƙyalle ya zama bala'i. Manyan jiragen tsere suna komawa gaɓa, domin sanda na iya karyewa, jirgi na iya kifewa. Mai allo kuwa sai ya sauya zuwa ƙaramin ƙyalle da siririn allo mai faɗin wajen santimita 40, ya fita. Idan ya faɗi, ya tashi ya sake hawa.

A garin Luderitz na ƙasar Namibiya, a nan nahiyarmu ta Afirka, an haƙa wata doguwar siririyar hanyar ruwa a bakin teku musamman don wannan. Iskar wurin takan kai kilomita 80 zuwa 90 a awa, amma da yake hanyar siririya ce, ruwan ba ya samun damar tayar da igiya. A can ne Antoine Albeau ɗan Faransa ya yi kilomita 98.7 a awa a 2015, ya sake kai wa 99 a ƙarshen 2024.

Abin da tarihi ya nuna

Tun 1972 akwai hukumar da ke tantance bajintar gudun iska a ruwa, WSSRC. Ba ta karɓar gudun ƙiftawar ido. Abin da take lissafawa shi ne matsakaicin gudu a tsawon mita 500. Ga yadda kambun ya yi ta sauya hannu:

- 1980: jirgin Crossbow II, a Ingila, kilomita 66.7 a awa.
- 1986: Pascal Maka a kan allo, a tsibirin Fuerteventura na Sifen, kilomita 72. Karon farko da allo ya karɓe kambun.
- 1993: jirgin Yellow Pages Endeavour, a Ostireliya, kilomita 86.2.
- 2004: Finian Maynard a kan allo, a kudancin Faransa, kilomita 86.7.
- 2008: Antoine Albeau a kan allo, kilomita 90.9. A shekarar ce masu allon da lema ke ja daga sama suka karɓe.
- 2009: jirgin Hydroptère mai fiffike, a Faransa, kilomita 95.1.
- 2010: Rob Douglas da lema, a Luderitz, kilomita 103.
- 2012: Paul Larsen da jirgin Vestas Sailrocket 2, a Walvis Bay ta Namibiya, kilomita 121.2.

Wanda ya karanta wannan jeri a gurguje zai ce ai tazarar ba ta da yawa, 99 da 121. To, duba iskar da kowa ya yi amfani da ita. Yellow Pages ya yi nasa gudun a iskar da ba ta kai kilomita 40 ba. Sailrocket ya yi 121 a iskar wajen kilomita 50, wato ya ninka iskar fiye da sau biyu. Mai allo kuwa sai da ya jira iska mai ɗauke rufin kwano kafin ya kusanci 100, gudunsa da na iskar kusan kunnen doki. Jirgi ya fi iya tatsar iska kaɗan. Allo ya fi iya jure iska mai yawa.

Akwai kuma wani shinge da ya daɗe yana tsayar da kowa a wajen kilomita 95 zuwa 100. A wannan gudu, matsin ruwan da ke bin bayan fiffike yana faɗuwa ƙwarai, har ruwan ya fara tafasa ba tare da wuta ba, ya zama kumfa. Fiffiken sai ya rasa abin kamawa. Masu Sailrocket sun daina yaƙi da kumfar, suka ƙera fiffike mai siffar bakin gatari wanda ke aiki da ramin iska a bayansa. Da haka suka fasa shingen.

Gudu daban, cin tsere daban

Duk waɗannan lambobi na miƙaƙƙiyar hanya ne a kusurwar da ta fi daɗi. A tsere na gaske, dole a je wata alama da ke can inda iska ke fitowa, a dawo. Babu mai ƙyallen da ke iya fuskantar iska kai tsaye. Jirgi na yau da kullum yana karkacewa da wajen digiri 45, ya yi dama, ya yi hagu, har ya isa.

Don haka abin da ake aunawa shi ne saurin kusantar alamar. A ce wani yana gudun kilomita 20 a kusurwar digiri 45: yana kusantar alama da kilomita 14 a awa. Wani kuma yana gudun kilomita 26 amma a digiri 60: shi yana kusanta da 13 kawai. Agogonsa ya fi nuna lamba babba, amma shi ne zai zo na biyu. Allon da aka ƙera don gudun Luderitz ba ya iya haurawa iska da kyau ko kaɗan.

Idan kuma tafiyar ta yi nisa, maganar ta ƙare. A 2009 jirgin Banque Populaire V ya ci kilomita 1,680 da ɗoriya cikin awa 24, nisan da ya wuce daga Sakkwato zuwa Legas nesa ba kusa ba. A 2017 Francis Joyon da abokansa biyar sun zagaye duniya cikin kwana 40 da awa 23. Damtsen mutum ɗaya ba zai riƙe ƙyalle dare da rana haka ba.

Gwada da wayarka

Ba sai kana da teku ba kafin ka yi aiki da wannan darasi.

*Duba iska.* Sauke manhajar Windy ko Windfinder. Rubuta Tambuwal ko garinku. Shiga saituna ka mayar da ma'auni zuwa kilomita a awa. Za ka ga lambobi biyu: iskar da ke tafiya a kai a kai, da kuma bugun da take yi lokaci-lokaci, wanda ya fi ƙarfi. Duba kuma inda layukan ke nufa. Da hunturu za ka ga suna gangarowa daga arewa maso gabas, da damina kuma daga kudu maso yamma. Ka sani cewa wannan hasashe ne na kwamfuta, ba awon da aka yi a ƙofar gidanku ba.

*Auna gudu.* Kowace manhajar auna gudu da GPS za ta yi, kuma GPS ɗin kansa ba ya cin data, daga tauraron ɗan adam yake karɓar saƙo. Yawancin wayoyi suna sabunta awon sau ɗaya a daƙiƙa. Ga masu koyon rubuta manhaja, Android tana ba da gudu a mita cikin daƙiƙa, sai ka ninka da 3.6 ka samu kilomita a awa. Gwada da ƙafa, ko a keke, ko kana fasinja. Kada ka duba waya kana tuƙi.

*Kada ka yarda da lamba mafi girma.* Za ka lura wani lokaci waya ta nuna ka yi gudun da ba ka yi ba, musamman kusa da gini ko ƙarƙashin itatuwa. Kuskuren awo ɗaya ne ya yi tsalle. Shi ya sa masu allon sulu da ke gasa ta intanet da GPS suke ɗaukar gudu biyar mafi kyau na daƙiƙa goma-goma, su fitar da matsakaicinsu. Idan kana rubuta irin wannan manhaja, yi haka kai ma: tara awo goma, ka raba da goma. Wannan ɗabi'a za ta yi maka amfani har wajen gwada saurin intanet, ko karanta tallan da ke cewa waya tana caji cikin minti kaza. Tambayi yanayin da aka yi awon.

Inda abin ya shafe mu kai tsaye

Lissafin nan na ninki huɗu bai tsaya a Namibiya ba. Hadarin farkon damina da ke tasowa daga gabas yakan zo da bugun iska cikin 'yan mintuna, kuma irinsa ne manhaja ta fi yawan kasa hangowa, domin a ƙaramin wuri yake haɗuwa. A faffaɗan ruwa, wannan iska tana tayar da igiya nan take. Kwale-kwalen da aka cika da mutane da buhuna da babura, har bakinsa ya kusa taɓa ruwa, igiya ɗaya ta ishe shi. Ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Warra a jihar Kebbi a watan Mayun 2021 ba, inda aka rasa rayuka masu yawa, hukumomi suka ɗora laifin a kan lodi fiye da kima.

Masu tseren da muka ambata, duk ƙwarewarsu, suna da iyakar iskar da ba sa fita a cikinta, kuma suna sanye da rigar kariya. Idan za ka tsallaka gulbi zuwa kasuwa ko gona, duba hasashen NiMet ko na manhaja, sannan ka ɗaga kai ka dubi gabas. Idan waya ta ce lafiya lau amma gari ya haɗe, ko tsohon matuƙi ya ce a dakata, bi ta tasu. Idan an cika jirgi, jira na gaba.

A taƙaice

- Iska kaɗan: dogon jirgi ne gaba.
- Iska matsakaiciya: allo ya wuce jirgin gargajiya, jirgi mai fiffike ya wuce allo.
- Iska mai ƙarfi a lafaffen ruwa: fagen allo ne, domin yawancin jirage ba sa fitowa.
- Haurawa iska da doguwar tafiya: jirgi.

Aikin gida: buɗe Windy yau, ka rubuta gudun iskar garinku da na bugunta safe da yamma har kwana bakwai. A ƙarshen mako ka duba, a cikin kwanakin nan, sau nawa iskar ta kai kilomita 20 da allo ke buƙata kafin ya yi sulu. A darasi na gaba, in Allah ya kai mu, za mu rubuta 'yar ƙaramar manhajar da ke fitar da matsakaicin gudu na daƙiƙa goma daga GPS ɗin waya.

Sai mun haɗu.